Ƙurji a Gefen Taya

Rumfata tana bakin La Cumbre,
inda hanya ke gama hawa ta soma gangara,
gajimare na kwana ƙarƙashin ƙafafuna.
Shekara ashirin da biyu ina nan, ni Eusebia,
da famfo, da guduma, da bahon ruwa baƙi ƙirin
da nake tsoma tif in ga ta inda numfashi ke gudu.
Abin da na iya ke nan a duniya.

Ranar Laraba Eleuterio ya tsaya,
a-kori-kurarsa ta durƙusa da dankali buhu talatin,
kuncinsa ɗaya cike da ganyen koka.
Ya ce, "Ƙara mini iska kawai, a Coroico zan kwana."
Na tsuguna na shafa ta gaba ta hagu,
sai tafina ya ci karo da ƙurji a gefenta,
kamar ƙwan agwagwa a ƙarƙashin fata.
Zanen ya suɗe sumul, kan mai sanƙo,
ga waya ta leƙo tana cizon yatsa.
Na ce, "Wannan ta gama tafiya."

Ya shure ta da takalmi, ta amsa masa dum.
"Kin ji? Wata uku tana haka,
kuma kullum ina dawowa lafiya."

Na ce, "Huda a tsakiya ciwon faci ne, ina da magani.
Gefe kuwa haƙarƙari ne.
Zaren ciki ya riga ya tsinke,
fatar waje kaɗai ke riƙe da iskar,
da kai, da kayanka, da cin yau na gidanka.
Birki zai gasa ta a gangara, nauyi ya danne ta,
ba za ta nemi izininka ba.
Ina safaya?"
Ya kau da kai, ya dubi dutse.
Ya sayar da ita watan jiya
don kuɗin makarantar 'yarsa Wara.
Na nuna masa wata ta hannu, mai sauran zane,
na ce ya biya in dankali ya shiga kasuwa.
Ya ce ubansa bai taɓa kwana da bashi ba.
Talauci na da nauyi, amma bai kai kunya.

Na hana shi iska.
Yaron rumfar gaba ya ba shi, ya karɓi sulalla biyu.

Daren nan ban rintsa ba.
Na san gangarar kwana-kwana, na san giciyen bakin hanya,
wasu na san masu su da suna da kalar mota.
Duk ƙarar da ta taso daga ƙasa sai in saurara.
Ƙanƙara na faɗuwa a kan kwano ɗaya-ɗaya.

Da hantsi motar lemo ta sauke shi,
hannun dama a rataye da ɗamarar wandonsa,
yana jan tayar, ta yage baki har kunne.
Bayan Unduavi ta fashe, in ji shi,
sitiyari ya ƙwace, motar ta zaɓi bangon dutse.
Da ta zaɓi ɗaya gefen...
Bai ƙarasa ba.
Dankali dai ya tafi kwazazzabo, buhu bayan buhu,
ya ce har yanzu yana jin gangararsu a zuciya.

Ban ce na faɗa maka ba.
Na zuba masa shayi, ya riƙe kofin da hagu,
yana zuba a gwiwarsa don rawar hannu.

Tayar na nan, ban jefar ba.
Na zare wayar, na yanka inda ya rage da ƙwari,
na fitar da takalmi ƙafa uku.
Ƙaramin na wurin Wara,
da shi take hawa tudu zuwa aji kullum safiya.